Ranar da Aka Cire Katako a Shagon Riskuwa

Duk wanda ya zauna a unguwar Badariya a shekarun da intanet ta fara shigowa Birnin Kebbi ya san Malam Riskuwa, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. To ina ma za a ji ta? Dogo ne siriri, mai furfura a gefen kunne, wanda in ka gaishe shi zai amsa a taƙaice ya mayar da idonsa kan titi. Wasu suna cewa girman kai ne, wasu suna cewa kurumta ce ta fara kama shi. Duk ba haka ba ne, aiki ne ya mayar da shi haka.

Tun yana saurayi a Sakkwato, kafin a yanke Kebbi ta zama jiha, aikinsa haɗa waya ne a wata ma'aikata. Wani ɗan ɗaki ne marar taga, da allo mai ramuka a gabansa, da igiyoyi, da abin ji maƙale a kunne. Babba ya ɗaga waya daga ofis ya ce a haɗa shi da wane, Riskuwa ya soka igiya a rami. Kafin ya janye kunnensa kuwa ya riga ya ji rabin zancen. Ya san wanda za a kora tun kafin mutumin ya sani. Ya taɓa jin wani babban mutum, wanda gari ke tsoro, yana kuka wiwi yana roƙon matarsa ta dawo. Ranar da ya kama aiki, tsohon da ya koya masa ya ce da shi abu ɗaya: duk abin da ya ji a ɗakin nan bai ji ba, ko da mai maganar ne da kansa ya tambaye shi. Riskuwa ya riƙe wannan fiye da yadda tsohon ya nufa. Aka wayi gari ba bakinsa kaɗai ya rufe ba, har da fuskarsa. A gaya masa haihuwa, a gaya masa mutuwa, duk fuska ɗaya ce. Matarsa, Allah ya jiƙan ta, ta yi mita har ta gaji ta bari.

Da aka ba Kebbi jiha, aka kwaso su da kujeru da tebura a bayan manyan motoci aka sauke a Birnin Kebbi, ya ci gaba da soka igiyarsa. Can wayar hannu ta zo, kowane babba ya sa tasa a aljihu, aka bar Riskuwa da allo ba mai kira. Ya yi ritaya ba tare da kowa ya lura ba.

Maƙwabcinsa Kalilu ne ya jawo shi harkar intanet. Kalilu malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha, gajere mai surutu, wanda ba ya iya shan shayi bai kawo zancen mulkin soja ba. Shi ya nemo masa tsofaffin kwamfutoci, ya sa aka kafa farantin kama intanet a kan rufi, ya zaunar da shi ya koya masa kunnawa da kashewa. Abu ɗaya ne Riskuwa ya yi da ra'ayin kansa. A sauran shagunan gari kwamfutoci a jere suke, kowa wuyansa a cikin allon na kusa da shi. Shi kuwa ya kira kafinta ya sa aka raba tsakanin kowace kwamfuta da 'yar'uwarta da katako mai tsawo, aka rataya labule a bayan kowace kujera.

Kalilu ya zo ya gani ya riƙe baki. "Malam Riskuwa, shagon intanet kaka ginawa ko makewayi?"

Riskuwa ya ci gaba da gyara labulensa. Amma saboda katakon nan shagonsa ya fi na kowa mata, da dattawan da ba sa son yara su ga suna laluben haruffa da yatsa ɗaya.

Cikin masu zuwa har da Jannatu, ɗiyar ƙanwarsa da ta rasu. A Argungu take. Ta gama makarantar horon malamai, tana karanta Turanci sarai, amma aikin koyarwa bai samu ba, sai ta kafa rumfa a bakin tasha tana sayar da tuwon shinkafa da miyar kifi. Direbobi da fasinja layi suke yi mata. Mijinta Muhammad Sani, mai fataucin albasa, ya rasu bayan doguwar jinya. Wasu suka ce ciwon shawara ne, wasu suka ce sammu. Ya bar ta da yara biyu, kuma rumfar nan ce cinsu da suturarsu da makarantarsu, ba wani abu bayanta.

Ranar Laraba takan bar wa maƙwabciya tukunya ta shigo motar safe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye masa ƙunshin bandar kifi, ta ce, "Kawu, zan duba ko an samu wurin aiki." Shi kuma ya ce, "Ga na ƙurya can, ba kowa." Ta shiga ta ja labule. Iyakar hirarsu ke nan, ko da yake duk duniya ba shi da wani jini da ya fi ta kusa.

Wata Laraba ta makara, ta ji ana cewa motar Argungu ta kusa cika, ta fito a gaggauce. Ashe maɓallin allon kawai ta danna, ya yi baƙi, ta ɗauka ta rufe komai. Riskuwa ya je shirya wa wani wurin, ya danna, allon ya kawo. Abin da ya fara gani ɗan jan ƙyallen nan ne mai naɗi, irin wanda ke jikin allunan gefen titi masu gargaɗi a kan cutar ƙanjamau. Wani zauren hira ne na intanet na masu ɗauke da cutar, daga ƙasashe daban-daban, suna hira ba da sunayensu na gaskiya ba. A ƙasa kuma ga abin da ta rubuta. Kafin ya kau da kai idonsa ya riga ya ɗauki layi ɗaya: tana tambaya yaya ake yi mutum ya daɗe har 'ya'yansa su girma.

Ya rufe shafin. Ya ce wa mai jira ya shigo. Ya koma teburinsa ya zauna, ya nemi abin da yake ji a ransa ya rasa. Kamar dai ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ya san tana nan amma ba ya jin ta.

Abin da ya yi bayan nan shi ne abin da ya iya. Washegari ya bi duk masu zuwa shagon ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu yadda ake rufe shafi, don ranar da zai nuna wa Jannatu kada ta ga kamar ita aka ware. Duk ranar da ta tashi kuma shi yake fara shiga ƙuryar kafin kowa. Ya daina karɓar ko sisi daga hannunta, ya ce ai kifin ya biya. Bai ce mata komai ba, bai ce wa kowa ba. A ganinsa babbar kyautar da zai yi mata ke nan, ta ci gaba da kallonsa a matsayin kawun da bai san komai ba. Aka ci damina aka ci rani a haka.

A ƙofar shagon akwai benci a inuwar dogon yaro, inda ake zama bayan la'asar. A kan bencin nan rigimar katako ta fara.

Malam Abdussamadu, limamin masallacin unguwa, mutum ne mai sanyin hali, kuma damuwarsa ta gaskiya ce. "Ni ban ce a ruhe ba," in ji shi. "Amma yaro shi shiga bayan labule, uwa ba ta gani, uba ba ya gani, shina kallon abin da ko faɗinai ban iyawa. Gobe ƙiyama wa za a tambaya? Mu za a tambaya."

Kalilu ya ajiye kofin shayi. "Allah gafarta Malam, labulen ƙofar ɗakinka fa? Shi ma a cire don wani na ɓarna bayan nashi? Jiya-jiyan ga soja sunka tahi, yanzu munka fara buɗe baki, kuna son a sake ɗinke shi?"

Na ukunsu Yari ne, mutumin Argungu, ɗan siyasa ƙarami mai riƙe wa wani babba jaka. Yari ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne mai fara'a da saurin kuka a wurin jana'iza, sai dai cikinsa ba ya riƙe ko ruwa. Shi abin da ya dame shi daban ne. Wani ya ɓullo a wani zauren intanet da sunan bogi yana rubuta cewa takin da aka ce an raba wa manoman shinkafa bai isa fadama ba, yana kuma ambatar maigidan Yari. An yi ta nema an rasa ko wane ne.

"Wanda ka da gaskiya shi hito hili," in ji Yari. "Mi ad dalilin ɓoyo? In ba ka yi komi ba, mi kaka tsoro a gani?"

"To miƙo wayarka in karanta ma jama'a saƙonnin ciki," in ji Kalilu.

Aka yi dariya, Yari ya dafe aljihu. Sai suka juyo kan mai shago. "Kai mi kac ce, Malam Riskuwa?"

"Ni haya nika badawa," in ji shi. Ya tashi ya je duba man janareto.

Ba a daɗe ba aka kafa wani kwamiti na tsabtace shagunan intanet. Ba za ka ce na hukuma ne ba, ba kuma za ka ce ba nata ba ne, irin kwamitin nan da ke tsirowa in damuwar malamai ta haɗu da buƙatar 'yan siyasa. Liman na ciki, Yari ma na ciki, har da sabuwar hula. Wata safiya suka zo suka tsaya a ƙofar shago suka faɗa da baki: kafin Juma'a a cire katako da labule, kowane allo ya fuskanci fili yadda mai wucewa zai gani, in ba haka ba a sa wa shago kwaɗo.

Kalilu ya yi ta tsalle. Ya ce a ƙi, ya ce a haɗa kan masu shaguna, ya ce shi zai rubuta wa jarida. Riskuwa ya saurare shi har ya gama, sannan ya aika aka kira kafintan nan dai da ya kafa katakon. Kafin azahar an tsige komai an jingine a bayan shago. Ɗakin ya yi faɗi, ya yi haske, ya zama tsirara. Riskuwa ya tsaya a tsakiya yana kallon ƙuryar. Bai ji haushi ba, bai ji tsoro ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a kai, cewa Laraba na zuwa.

To jama'a, Argungu nisa gare ta? Motoci na tashi tun safe har yamma, kuma ba direban da bai san rumfar Jannatu ba. Magana ɗaya ce: ka ce mata an cire katako, kada ta zo. Wallahi har tasha ya je. Ya tsaya a gefen wata mota, direban ya leƙo ya ce, "Baba, saƙo ne?" Riskuwa ya buɗe baki, sai tunani ya zo masa. Duk cikin masu zuwa shagon, don me ita kaɗai za a aika wa? Mai neman aikin koyarwa ina ruwanta da katako? Tana jin saƙon za ta gane ya sani. Ɗiyar ƙanwarsa, wadda ko ido ba ta haɗawa da shi don kunya, ta san kawunta ya san wannan? Da wane ido za ta sake durƙusawa a gabansa? Ya ga kamar zai tuɓe mata zane ne da hannunsa.

"Ka gaishe min da mai tuwon bakin tasha," in ji shi.

Ya juyo gida yana gaya wa kansa cewa ai tana da ido. In ta shigo ta ga yadda ɗakin ya koma, da kanta za ta juya. Kai, Riskuwa! Mutum ya tsufa da hankali a ce bai san abin da larura take sa mutum ba.

Laraba ta zo. Shagon cike da ɗalibai masu duba sakamakon jarrabawa. Jannatu ta yi sallama, ta durƙusa, ta ajiye kifi. Da ta ɗago ta ga ɗakin, sai ta tsaya cak. Ta dubi ƙuryar, ta dubi bayan kujerun da kowa ke gilmawa, sannan ta dubi kawunta. Ba ta saba dubansa haka ba. Ko a lokacin da sauran dama. Da ya ce mata ta dawo in an watse, ko ya ce ta zo ta zauna a teburinsa, nasa allon bango yake kallo. Amma duk wanda ya faɗa daga ciki, ya nuna ya san dalili ke nan. Fuskarsa ta yi abin da ta saba yi shekara da shekaru, bakinsa ma haka.

"Ga na ƙurya can, ba kowa," in ji shi.

Ita kuma tana da dalilin da ya hana ta juyawa. A makon da ya wuce wata mata a zauren ta yi mata alkawarin binciko asibitin da aka fara ba da maganin rage kaifin cutar, da yadda ake shiga layi. Amsar na nan tana jiran ta. Ta bar tukunya, ta biya mota, kuma duk shagunan gari yanzu haka suke. Ta je ta zauna. Ta ware mayafinta ta baza shi da gwiwar hannu, ta duƙufa a kan allon kamar kaza a kan ƙwai.

Mayafin nan ne ya jawo. Yari ya shigo zagayen kwamiti, hannu a baya, yana bin kujeru yana gyaɗa kai. Duk alluna a fili, sai guda ɗaya. Ya san doka ta ce ba ɓoyo, bai kuma ga fuskar mai mayafin ba. Riskuwa yana zaune yana kallon sa yana tafiya, taku bayan taku. Ya ji kamar daga nesa yake kallo, kamar abin a talabijin ne.

"Baiwar Allah, mi aka ɓoyo nan?" in ji Yari cikin raha. Ya ɗan ja gefen mayafin.

Yari ba ya jin Turanci sosai, amma jan ƙyallen nan ko jahili ya san shi. Ya ga allon, ya ga hannun da ke kan madannai, ta waigo ya ga fuskar. Matar da yake cin tuwonta duk ranar da ya je gida.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Jannatu?"

Ɗalibai suka ɗago kai. Jannatu ta janye hannunta daga madannan. Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta, ta bi ta tsakanin kujeru ta fita. Ba ta yi wa kawunta sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Riskuwa ya tashi ya isa ƙuryar kafin wani ya leƙa. Akwai sabon rubutu mai tsawo a allon. Ya kau da kai, ya rufe shafin bai karanta ba.

A waje Yari ya kama hannunsa, idanunsa cike da hawaye. "Wallahi tallahi ban san ita ta ba. Wallahi ba ni gaya ma kowa, Malam Riskuwa, ko an aza min wuƙa."

Ya kuwa yi ƙoƙari, don ya kai har Juma'a. Da ya je gida Argungu sai ya ce wa matarsa kada a sake aiken yara sayen tuwo a tasha. Ta ce don me. Ya ce ba komai. To wace mace ce za a ce wa ba komai ta haƙura? Ya gaya mata, ya sa ta rantse. Ita ma mutum ɗaya ta gaya wa, don tausayi. Duk wanda ya ɗauki maganar da tausayi ya ɗauka, da salati da girgiza kai, har ta gama tasha. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Layin ne kawai ya koma rumfar gaba. Rediyo na faɗa dare da rana cewa ba a ɗaukar cutar nan ta abinci, amma direba zai ji ya gyaɗa kai ya wuce da kwanonsa.

A Badariya benci ya ɗauki zafi. Kalilu ya nuna Yari da yatsa ya ce ga amfanin kwamitinsu nan, an tafi kamun mai zagin ɗan siyasa an kamo marainiyar Allah. Liman ya sunkuyar da kai, ya ce shi yara yake nufi, ba wannan ba. A huɗubarsa ta gaba ya yi magana mai tsawo a kan haramcin bin diddigin asirin Musulmi, amma bai ce a mayar da katako ba, don har yanzu yana ganin yaran. Yari ya daina biyowa ta layin shagon. Mai rubutu a kan taki kuwa bai fasa ba, ashe ma ba daga Birnin Kebbi yake rubutawa ba. Kafin kaka kwamitin ya mutu murus ba wanda ya yi masa jana'iza, wasu shagunan har sun mayar da labulensu. Riskuwa bai mayar ba. Yana buɗe shago, yana rufewa, yana zuba wa janareto mai. Laraba ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba Jannatu. In Kalilu ya tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, kuma ba ƙarya yake ji yana yi ba. Ba abin da ke masa ciwo, abinci ne kawai ya daina yi masa ɗanɗano.

Sai da aka fara yankan shinkafa sannan wata safiya ya sa wa shago kwaɗo ya shiga motar Argungu. Hanya duk fadama ce, mutane sun duƙa da lauje, bai kalli ko ɗaya ba.

Ya same ta a rumfar. Azahar ta yi, lokacin da a da ba ka samun wurin tsayawa. Bencinan a share tas, ba kowa a kai. Tukunyar da ke kan murhu ƙarama ce, irin ta gida, ita ma a cike take. Jannatu ta rame, amma ba cutar ba ce, rashin barci ne. Da ta gan shi ta sauko ta durƙusa kamar kullum.

"Sannu da zuwa, Kawu. Ya hanya?"

"Lahiya lau. Ya yara?"

"Suna lahiya. Babban na kai shi wurin dangin ubanai Augie, kahin abubuwa su daidaita."

Ya zauna. Ya ce ta zuba masa. Ta ɗauko kwano ta zuba tuwo, ta tsamo kan kifi ta ɗora. Ya wanke hannu ya fara ci. Masu rumfar gaba suna satar kallonsa.

Can ta ce, ba ta dube shi ba, "Kawu, rannan da nit tashi, amsar da nika jira ta zo. Ban samu karantawa ba. Ko ka ga abin da anka rubuto?"

"Na ruhe ban karanta ba."

Ta gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. "Haka nic ce ma raina. Kawu ba ya duba abin mutane. Shi ya sa tun farko nit taho wurinka."

Ya mayar da lomar da ke hannunsa cikin kwano. Da ya yi shiru da maganar ta wuce, ta ci gaba da ganinsa yadda take ganinsa. Amma yabon nan ya fi ƙarfinsa. A karo na farko tun yana saurayi, ya faɗi abin da ya sani ga mai abin.

"Na taɓa gani, ɗiyata. Ba rannan ba. Wata rana kin kashe allo ba ki ruhe ba. Tun bara na sani."

Ludayin da ke hannunta ya tsaya. Wata mota ta tashi, yaran mota na kiran Birni, Birni, ƙura ta lafa, ba ta motsa ba.

"Tun bara," in ji ta.

"Tun bara."

"Da anka cire katakon ma, ka sani."

"Na sani. Na tahi har tashar Birni in aiko, sai nig ga in na aiko za ki gane. Ban so ki ji kunyata ba."

Ta ajiye ludayin a kan murfi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Kawu, ka san abin da ya sa nika barin tukunyata in shiga mota kowace Laraba? Don in gaya ma mutanen da ban taɓa gani ba abin da ka cikin raina. Ba ni da wanda zan gaya mawa. In na hito bayan labulen nan in gan ka zaune, sai in ce, Allah sarki, da Kawu ya sani da na samu uba. Sau nawa nika tsayawa gaban teburinka in kasa. Ashe kai ma kana zaune da maganar."

Nan ne abin ya same shi. Duk abin da bai ji ba tun ranar da ya danna allon nan, da na shekarun da suka gabace ta, ya taso masa lokaci guda. Baƙin ciki ne tsantsa, da kunyar da ta fi wadda ya guje mata. Ya so ya ce ta yafe masa, ya so ya ce ta tattaro yaran su koma Badariya, amma bakin da aka daɗe ba a buɗe ba bai san ta inda ake farawa ba. Hawaye suka gangaro ta cikin furfurarsa suna ɗiga a kan rigarsa, a tsakiyar tasha, da rana tsaka.

Jannatu ta dube shi, ta kau da kai ta mayar wa tukunya murfi.

"Ci abincinka, Kawu, shina hucewa," in ji ta. "Yau kai ɗai munka samu."